Fambel: Yadda Za Mu Kula da Shi, da Yadda Za Mu Sake Shi

Yanzu kaka ta yi, lokacin jigila ke nan. Motar ƙungiya za ta yi ta kai da kawowa, daga gona zuwa rumbu, daga rumbu zuwa kasuwa. Saboda haka a wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani ƙaramin abu na jikin inji wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ran da ya tsinke, wato fambel.

Bari mu fara da abin da muka gani da idonmu. A wani rani da ya wuce mun bi motar wata ƙungiya daga wajen Tsafe za mu Gusau. A-kori-kura ce, an cika ta da kwandunan tumatir na mutum tara. Tun da aka ta da inji da sassafe muka ji wata ƙara mai tsini tana fitowa daga gaba. Muka tambayi direba, ya ce ai ta yi makonni tana haka, in inji ya ɗumama takan daina. Ya shafa wa fambel ɗin sabulu, muka kama hanya. Muna dab da Kwatarkwashi sai jar fitila ta kama a gaban direba. Ya ce batir ne kawai, mu ƙarasa. Ba mu yi nisa ba sai tururi ya turnuƙe gaban mota, inji ya mutu. Ashe tun sa'ad da fitilar nan ta kama fambel ya riga ya tsinke.

Gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, mota ta yi mako uku a gareji. Kafin a sami wata motar da za ta kwashi kayan, rana ta riga ta ɓata rabin tumatir. Kuɗin gyara kuwa daga asusun takin zamani aka cire shi. Laifin ba na direba kaɗai ba ne. Akwai namu da muka ji ƙarar muka yi shiru, akwai na kwamitin da bai taɓa sayen fambel na ajiya ba.

AIKIN DA FAMBEL KE YI

A gaban inji, can ƙasa, akwai wani faifan ƙarfe mai kwari a bakinsa. Makanikai suna ce da shi fuli. Yana maƙale a kan babban sandan inji, saboda haka muddin inji yana aiki shi ma yana juyawa. Fambel ne ke ɗaukar wannan juyi ya kai wa waɗansu na'urori waɗanda ba su iya juya kansu. Ga su:

1. Famfon ruwa. Shi ke tura ruwa ya zaga cikin inji ya kwashi zafi ya kai lagireto. In ya tsaya, ruwa yakan tafasa cikin 'yan mintoci kaɗan.

2. Fanka. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504 fanka tana kan famfon ruwa, ita ke jan iska ta cikin lagireto. Daga nan sunan fambel ya samo asali. Motocin baya-bayan nan da yawa fankarsu ta lantarki ce, amma sunan bai sake ba.

3. Altaneta, wato injin cajin batir. In ba ta juyawa, mota za ta yi ta cin wutar da ke cikin batir har ta ƙare. Jar fitilar nan mai hoton batir ita ke faɗa wa direba caji ya tsaya.

4. Famfon sitiyari da injin sanyaya iska, a motocin da ke da su. In fambel ya tsinke, sitiyari yakan yi nauyi nan take.

5. A waɗansu motocin da ke shan man gas, kamar tsofaffin Hilux, famfon da ke taimakon birki yana jikin altaneta. In fambel ya tsinke, bayan an taka sau biyu ko uku birki zai yi tauri kamar dutse. Direban da ya ɗauko buhuna sai ya riƙe wannan a zuciya.

Kada mu haɗa fambel da taimin bel. Shi taimin bel yana da haƙora, yana ɓoye cikin murfi, aikinsa kuwa daidaita motsin cikin inji ne. Sake shi aikin gwanin makaniki ne. Fambel a fili yake, da an ɗaga murfin inji za a gan shi, kowane direba kuma ya kamata ya iya duba shi.

FAMBEL IRI BIYU NE

Na farko shi ne siriri mai kauri, wanda in ka yanka shi za ka ga bayansa da faɗi, cikinsa kuma ya tsuke. Wani Ba'amurke mai suna John Gates ne ya fito da shi a shekarar 1917. Da gefensa biyu yake kama fuli, ba da cikinsa ba. Shi muka fi sani, gama shi ke jikin Peugeot ɗin da aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975. A wannan shekara ce kuma aka fara aikin raya noma na Gusau tare da Bankin Duniya, aka yi hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, a-kori-kura ta zama jakin manomi. Har yau irin wannan fambel ne a jikin tarakta da injin niƙa da injin casa.

Na biyu shi ne mai faɗi, marar kauri, mai layi-layi a cikinsa. Kamfanin Ford ya sa shi a mota a shekarar 1979, daga nan ya bazu. Sau da yawa guda ɗaya tak ne mai tsawo, yana lanƙwasa yana bin kowane fuli kamar maciji. Amfaninsa shi ne ya fi daɗewa. Aibinsa kuwa, in shi kaɗai ɗin ya tsinke, kome da kome ya tsaya gaba ɗaya. Motoci da yawa masu irin wannan suna da wani fuli mai sifirin wanda ke ɗaure fambel da kansa.

Kowane fambel da lambarsa a bayansa. In ka ga 10 x 950, faɗinsa milimita 10 ne, tsawonsa milimita 950. In ka ga 6PK1200, layinsa 6 ne, tsawonsa milimita 1200. Na injin niƙa kuwa da harafi ake gane faɗinsa: A milimita 13 ne, B milimita 17, lambar da ke biye ita ce tsawonsa da inci. Sai mu kwafi lambar nan tun ba ta goge ba, mu rubuta ta a littafin mota da kuma littafin ma'aji.

ABIN DA KE CINYE SHI A ƘASARMU

Da roba da zare mai ƙarfi ake yin fambel. Kamfanonin da ke ƙera shi sukan ce na tsohuwar roba yakan kai kilomita 80,000, na sabuwar roba kuwa yakan kai 150,000. Amma wannan lissafi na kwalta ne mai kyau da ƙasa mai sanyi. Mu a nan kada mu dogara da shi, gama muna da abubuwa huɗu masu rage masa kwana.

Zafi. A watan Maris da Afrilu zafin rana yakan kai digiri 40, na ƙarƙashin murfin inji kuwa ya fi haka nesa. Zafi yana busar da roba ta yi tauri ta tsattsage.

Ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika inji da ƙura, ga kuma yashin hanyar burji. Yashi yana shiga kwarin fuli yana goge fambel da ƙarfen duka.

Ruwa da taɓo. Da damina, in an ratsa rafi ko an shiga fadamar Gulbin Sakkwato, fambel yakan jiƙe ya yi santsi, taɓo kuma ya bushe cikin kwarin fuli.

Mai. Baƙin mai da man gas da man birki duk suna kumbura roba su lalata ta. In mai yana ɗiga a kan fambel, sai a toshe inda yake fitowa tukuna, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba.

YADDA ZA A DUBA SHI

Sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, direba ya duba fambel. Da safe ne ya fi kyau, sa'ad da inji ke da sanyi. Ka kashe inji, ka zare mabuɗi ka sa a aljihunka, domin kada yaron mota ya ta da inji hannunka yana ciki. Kada ka taɓa sunkuyawa a kan inji mai aiki da babbar riga ko rawani ko gyale. Fanka ba ta san mai ita ba.

Ga abin da za ka nema:

1. Tsaguwa. Ka juyo cikin fambel ka duba. In ka ƙirga tsaga uku ko fiye cikin tsawon inci uku, ko ka ga wani yanki ya ɓantare, kwanansa ya ƙare.

2. Zare yana fitowa a gefe. Wannan yana nuna wani fuli ya karkace, ko fambel yana gugar wani ƙarfe.

3. Ƙyalli. In gefen fambel ya yi sumul yana ƙyalli kamar tangaran, ya daɗe yana zamewa ke nan, zafi ya gasa shi.

4. Nutsewa. Siririn fambel bai kamata ya taɓa gindin kwarin fuli ba. In ya nutse, ko gindin kwarin yana ƙyalli, fambel ko fuli ya cinye.

5. Mai layi-layi na sabuwar roba ba ya cika tsagewa, sai dai ya cinye a hankali kamar tayar mota. In layukan sun yi tsini, ramin tsakaninsu ya faɗaɗa, lokacin sakewa ya yi ko da babu tsaga ko ɗaya.

6. Ɗauri. Ka nemi wurin da ya fi tsawo tsakanin fuli biyu, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa da ƙarfi. Siririn fambel ya kamata ya lotsa wajen rabin inci, wato milimita 10 zuwa 13. Mai layi-layi ya fi son ɗauri: in ka murɗa shi da yatsu biyu kada ya wuce kwatan juyi. In littafin mota yana hannunka, abin da ya faɗa shi za ka bi.

Kunne ma yana taimako. Ƙara mai tsini sa'ad da aka ta da inji, ko aka kunna fitilu, ko aka karya sitiyari gaba ɗaya, yawanci sako-sako ne. Gurnani kuwa ko ƙarar ƙarfe kan ƙarfe, boris ne ya mutu a cikin altaneta ko famfon ruwa. Kada a shafa wa fambel sabulu ko giris ko man birki domin ya yi shiru. Ƙarar gargaɗi ce, wanda ya toshe ta bai gyara kome ba.

YADDA ZA A ƊAURE SHI

A tsofaffin motoci da altaneta ake ɗaure fambel. Tana da noti a ƙasa inda take lilo, da wani a sama a kan ƙarfe mai dogon rami.

1. Ka sassauta notin ƙasa da na sama kaɗan, kada ka kwance su.
2. Ka sa sandan itace, kamar ƙotar fartanya, ka tura altaneta waje a hankali. Kada ka sa ƙarfe, gama jikin altaneta yakan fashe.
3. Kana riƙe da ita haka, ka ɗaure notin sama, sa'an nan na ƙasa.
4. Ka sake dannawa da yatsa ka gani.

Waɗansu suna tsammani in an ɗaure tam kamar tsirkiyar baka shi ne daidai. Ba haka ba ne. Ɗauri fiye da kima yana kashe boris na altaneta da na famfon ruwa, kowannensu kuwa ya fi fambel tsada ƙwarai. Sako-sako kuma yana hana caji, yana sa inji zafi. Tsaka-tsaki ake so.

YADDA ZA A SA SABO

Kayan aikin ba su da yawa: sufana daidai notin motarka, sandan itace, tsumma, da tocila.

1. Ka tsai da mota a wuri madaidaici, ka ja birkin hannu, ka bar inji ya huce. Ka cire wayar batir ta gefen da ke da alamar ragewa.
2. Kafin ka taɓa kome, ka zana hanyar da fambel ya bi a takarda, ko ka ɗauki hotonsa da waya. Mai layi-layi yana da wuyar tunawa. In aka maida shi ba daidai ba, famfon ruwa yana iya juyawa da baya.
3. Ka sassauta altaneta ka tura ta wajen inji. In motar mai fulin sifirin ce, ka sa doguwar sufana ka danne shi, ka zare fambel, sa'an nan ka sake shi a hankali. Ka kiyaye yatsunka.
4. Ka gwada tsohon da sabon. Faɗi ya zama ɗaya, yawan layi ɗaya. Tsohon yakan ɗan fi tsawo domin ya miƙe.
5. Tun fambel yana waje, ka juya kowane fuli da hannu, ka girgiza shi. Wanda ya yi ƙara, ko ya cije, ko yana rawa, a kai wa makaniki. Ka duba ko ruwa yana tsattsafowa a ƙarƙashin famfo.
6. Ka share kwarin kowane fuli, ka cire taɓo da tsakuwa da mai.
7. Ka ɗora sabon da hannu. Kada ka banƙare shi da sukudireba ya hau fuli, gama zaren ciki yakan tsinke ba ka gani ba. In ya ƙi hawa, ka ƙara sassautawa. Mai layi-layi kuwa, ka tabbata kowane layi ya zauna cikin raminsa.
8. Ka ɗaure yadda muka faɗa, ka maida wayar batir, ka kwashe kayan aiki, ka ta da inji. Jar fitila ta mutu, allurar zafi ta tsaya wurinta. Mai awon wuta zai ga bolt 13 da rabi zuwa 14 da rabi a kan batir in caji yana tafiya daidai.
9. Bayan minti goma sha biyar ka kashe ka sake duba ɗauri, haka kuma bayan mako guda. Sabon fambel yakan saki jiki a kwanakin farko.

Inda fambel biyu ke tafiya tare a kan fuli ɗaya, kamar a manyan motoci da injin niƙa, a sake su duka biyu. In aka haɗa sabo da tsoho, sabon ne zai ɗauki nauyin shi kaɗai, ba zai daɗe ba.

WAJEN SAYE

Ka tafi da lambar, ko da tsohon fambel ɗin. Kada ka ce wa mai kanti na mota kaza kawai, gama motocinmu da yawa an sake musu inji ko altaneta. Ka lanƙwasa fambel ɗin a hannu ka gani. In ya yi tauri, ko ya nuna ƙananan tsaga, ya tsufa a rataye ke nan. Ka duba rubutun bayansa ya fito sosai. Jabu yana da yawa a kasuwa, araha kuwa ba ta ado. Ka sayi biyu, ɗaya a sa, ɗaya a ajiye. Na ajiya a sa shi cikin leda a bayan kujera, nesa da rana da mai, kada a naɗe shi tam. Tsohon da aka cire, in bai tsinke ba, shi ma a bar shi cikin mota domin ranar tsiya.

IN YA TSINKE A HANYA

In jar fitila ta kama kana tafiya, ka dubi allurar zafi nan da nan. In tana hawa, ko sitiyari ya yi nauyi, ka rage gudu ka fita gefe ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfe yakan tsage. Ka jira rabin sa'a, ka cire guntayen tsohon fambel, ka sa na ajiya, ka cika ruwa.

In babu na ajiya, a motar siririn fambel ana iya ɗaura igiya mai ƙarfi tsakanin fulin ƙasa da na famfon ruwa kaɗai, a lallaɓa zuwa gari mafi kusa. Wannan dabara ba kullum take ci ba, ba ta aiki kuma a mai layi-layi.

Akwai wata magana da ba za mu ɓoye ba. Dukanmu mun san halin da hanyoyinmu ke ciki a shekarun nan, daga Yankara zuwa Tsafe, daga Gusau zuwa Bungudu da Maru. A da, lalacewar mota a daji hasarar lokaci ce da ta kaya. Yanzu tana iya zama ta rai. In fambel ya tsinke a wurin da tsayawa ke da hatsari, ka ci gaba a hankali idonka a kan allura, kana kashe inji ya ɗan huce in da hali, har ka kai inda mutane suke. Inji ana sake shi, mutum ba a sake shi. Amma abin da ya fi, kada mu bari ta kai mu ga haka: a duba mota tun a gida, a tashi da wuri, a komo kafin la'asar ta yi sanyi. Mu tuna kuma, motar nan ita ce ke kai mai naƙuda da marar lafiya asibiti a Gusau. Ranar da aka bukace ta ba ranar neman fambel ba ce.

INJIN NIƘA DA INJIN CASA

Duk abin da muka faɗa ya shafi waɗannan ma. Ƙari biyu ne. Na ɗaya, fulin inji da na niƙa su kasance a layi ɗaya. A gwada da zare ko miƙaƙƙen katako, in sun saɓa a gyara zaman inji. Na biyu, a yi wa fambel rufi na ƙarfe ko na katako. Mata da yara ne suka fi zuwa wurin niƙa, zane da mayafi kuwa ba su da wuyar kamuwa. Kada a jefa fambel kan fuli inji yana gudu.

ABIN DA ZA A TATTAUNA A TARON ƘUNGIYA

Muna roƙon shugaba ya sa a karanta wannan a taro mai zuwa, direba da yaron mota da mai kula da injin niƙa suna zaune. Sa'an nan a amsa waɗannan:

1. Mene ne lambar fambel na motarmu da na injinmu? Wa ya rubuta ta?
2. Yaushe aka sake shi na ƙarshe?
3. Akwai na ajiya da sufana da jarkar ruwa cikin mota yau?
4. In direba ya kawo ƙarar wani abu ya lalace, kwana nawa ma'aji ke yi kafin ya ba da kuɗi?
5. Ban da direba, wa ya iya sake fambel a cikinmu? In babu, a zaɓi matasa biyu, a roƙi makaniki ya gwada musu a jikin motarmu.

Ƙungiyar da ke so mu zo mu gwada wannan aiki a gabanta sai ta aiko mana ta hannun sakatarenta. A fitowa ta gaba za mu yi magana a kan lagireto da irin ruwan da ya kamata a zuba masa. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu kaka mai albarka.